Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Bunƙasa Kiwon Dabbobi: A Leƙa Kasuwar Dusa da Harawa

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da ma'aikatanka. Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Ina rubuto maka ne daga yankin noman rani na Kadawa, wato ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam a Jihar Kano. Ina magana da yawun irin masu kiwon da ba a cika gayyata taro ba: matar aure mai 'yan awaki a bayan ɗaki, magidancin da ya turke raguna yana jiran layya, manomi mai shanun huɗa, da tsohuwar da kajinta ke saya mata sabulu da magani. Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar kafa wannan ma'aikata a watan Yulin 2024, mun yi murna ƙwarai, domin an daɗe ana cusa sha'anin dabba a ƙuryar ma'aikatar gona. Tun daga lokacin muke kasa kunne a rediyo. Abin da muka fi ji shi ne rikicin manoma da makiyaya, da burtali, da gandun kiwo na zamani, da inganta irin shanun madara. Ba wanda zai raina waɗannan, balle maganar da ake zubar da jini a kanta. Sai dai akwai dabbobi masu ɗimbin yawa a ƙasar nan da ba sa bin burtali, ba su taɓa shiga gonar kowa ba, a ɗaure suke a cikin gidaje daga haihuwa har ranar da za a kai su kasuwa. Matsalarsu ɗaya ce babba, wato abin da za a zuba musu a kwano safe da yamma. A kan wannan nake so ka ba ni aron kunnenka.

Wanda bai san yankinmu ba zai ce ina mu ina kukan abincin dabba, ga ruwa ga kore rani da damina. Gaskiya ne Allah ya yi mana arziki. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja magudanai suka ratsa ƙauyukanmu, ƙasar nan ba ta hutawa. Ana kwashe shinkafar damina sai alkama da tumatir da albasa da masara su maye gurbinta. Motocin da ke lodi a Kwanar Gafan da injinan gyaran shinkafa na Kura sun isa shaida. To amma wannan arzikin shi ne ya cinye makiyaya. A da, idan aka gama girbi sai a saki dabbobi su yi ta kiwo a saura har faɗuwar ruwa. Yanzu babu watan da akuya za ta fita ba ta tarar da shukar wani ba. Gefen hanya da bakin magudanar ruwa, inda yara ke yanko ciyawa, an feshe su da maganin ciyawa. Ga shi kuma dabbobin ƙaruwa suke yi, saboda a nan duk wanda ya sayar da tumatir ya ga riba, abin da zai fara yi shi ne ya sayi ɗan maraƙi ya ɗaure, matarsa kuwa idan ta kwashi adashi tunkiya za ta saya. Dabba ita ce asusunmu. Da ita ake kayan ɗaki, da ita ake biyan kuɗin makaranta da na asibiti, da ita ake sayen takin zamani idan damina ta ƙarato. Takinta kuma shi ne ke riƙe da gonakin da ake nomawa shekara da shekaru ba hutu. Dabbobi sun yi yawa, wurin kiwo ya ƙare, sai abincinsu ya koma abin saye.

Ko a cikin gida abin ya canja. Iyayenmu mata suna surfe a turmi kullum, dusa da ƙasari kyauta suke samu, akuya ta ƙoshi ba a kashe ko kwabo ba. Yau rabin abincin gidan shinkafa ce da taliya, hatsin ma inji ake kai wa. Dusar da gida ke fitarwa ba ta kai ta riƙe dabba biyu.

Saboda haka kasuwa ta kafu, kuma babba ce. Je ka Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, kafin ka isa inda dabbobi suke za ka ratsa layin masu harawar wake da ta gyaɗa, da kowar wake, da dusar masara da ta dawa da ta alkama, da angurya, da tunkuza, da ingirici, da kanwa. A cikin birnin Kano ma, unguwa-unguwa akwai rumfunan 'yan dusa. Kuɗin da ke juyawa a nan ba kaɗan ba ne, mutane da yawa da shi suke riƙe iyali, daga mai amalanke har mai sari. Amma kasuwa ce da ba ta da ma'auni tsayayye, kuma ba mai duba ingancin abin da ake sayarwa.

Bari in fara da ma'aunin. Harawa da dami ake sayar da ita, dami kuwa ba shi da girma ɗaya. Na kaka daban, na bazara daban, ga shi kafin ya zo hannun mai saye ganyen ya kakkaɓe, saura itace, alhali amfanin yana ga ganye. Dusa da kwano ko tiya ko buhu ake auna ta, buhun kuma ana iya zazzage shi a sake ɗinkewa. Mai kajin gona da ke sayen abincin kamfani ya san buhunsa kilo 25 ne, an rubuta abin da ke ciki a jiki, idan an cuce shi ya san inda zai kai ƙara. Matar da ta aiki ɗanta da kuɗin dusa ba ta da wannan gatan. Abin da aka ɗaura masa shi zai kawo mata.

Sai algus, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Ɓuntun shinkafa kusan babu abinci a cikinsa, kaifi gare shi, cika ciki kawai yake yi. Manyan injina suna raba ɓuntu da dusar shinkafa mai laushi, wadda ita abinci ce mai kyau. Ƙananan injinan da suka fi yawa a ƙauyuka kuwa haɗe su suke fitarwa. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka injin yake. Laifin yana wurin wanda zai niƙe ɓuntu ya yi laushi, ya cakuɗa da dusar alkama, ya sayar a kuɗin dusar alkama zalla. Wasu har yashi suke ƙarawa saboda nauyi. Na taɓa sayen irin wannan, sai da na jiƙa na ga yashi ya kwanta a gindin bokiti. Mai turka zai yi wata uku yana ciyarwa, rago na ci, ciki na tasowa, amma ƙashin baya na nan a tsaye. Sai ya ce ko tsutsar ciki ce, ya sayi magani, ya ƙara da allura, kuɗi na ta fita, alhali cutar tana cikin buhu. Ba na cewa duk 'yan dusa haka suke. Na san masu tsoron Allah a cikinsu da yawa, kuma su ma algus ɗin yana karya su, domin mai gaskiya ba zai iya sayarwa a farashin mai haɗi ba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Masarar da ta sha ruwa ta yi fumfuna, da gyaɗar da ta lalace aka tsince, ba zubar da su ake yi ba, abincin dabba suke komawa. Masana sun tabbatar cewa irin wannan fumfuna tana haifar da gubar da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta, ta hana dabba girma, ta kashe kaji, kuma idan saniya ko akuya ta ci, wani kaso yana fitowa a nono. Nonon nan 'ya'yanmu ne ke sha. Haka harawar waken da aka yi wa feshi gab da girbi. Doka ta kafa hukumar masana kimiyyar dabbobi ta ƙasa, wato NIAS, tun 2007, kuma kula da ingancin abincin dabbobi yana cikin aikinta, ga NAFDAC ita ma tana da hannu a ciki. Aikin nasu ya fi ƙarfi a kan kamfanoni masu rajista. Abincin da mafi yawan awaki da tumakin ƙasar nan ke ci ba ya bi ta kamfani, daga injin niƙa yake zuwa rumfa, daga rumfa zuwa gida.

Game da farashi, kowa ya san tsarinsa. Da kaka harawa araha, har a gona ake barin ta. Daga watan Maris zuwa Yuni, kafin sabuwar ciyawa ta fito, sai ta ninka. Abin da nake so ka lura da shi, ranka ya daɗe, shi ne inda Babbar Sallah ta dosa. A 2023 an yi ta a ƙarshen Yuni, a 2024 tsakiyar Yuni, a 2025 farkon Yuni. Kowace shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Ke nan shekaru masu zuwa, watanni ukun da ake turka ragon layya za su riƙa faɗawa a tsakiyar rani da bazara, lokacin da abinci ya fi tsada, zafi kuma ya fi takura dabba. Wannan ba abin da zai zo wa kowa ba zata ba ne, a kalanda yake. Mun kuma ga abin da ya faru a 2025, da gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gab da layya: ragunan da aka turka a gidajenmu su ne suka cike kasuwa. Idan tsadar abinci ta sa masu turka suka janye hannu, mai layya a Legas da Fatakwal sai ya ji a aljihunsa.

Wasu dalilan tsadar daga nesa suke zuwa. Mafi yawan alkamar da kamfanonin fulawa ke niƙawa daga ƙasashen waje ake shigo da ita, don haka da darajar naira ta faɗi a 2023, dusar alkama ta bi dala. Cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar ya ƙara kuɗin mota da na niƙa, harawa kuwa kaya ce mai cika mota ba nauyi, kuɗin dako yakan kusa kai kuɗin sayenta. Angurya ta yi ƙaranci tun da noman auduga ya ja baya a ƙasashen Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Dusar masara kuma manyan gidajen kaji da masu kiwon kifi suna saye da tirela, mai sayen kwano biyu ba zai iya gogayya da su ba.

Duk da wannan tsadar, kowace shekara muna ƙona abinci da hannunmu. Bayan girbin shinkafa, wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya zai ga hayaƙi na tashi daga gonaki. Karan shinkafa ne ake cinna wa wuta, domin manomi na sauri ya gyara wuri ya shuka alkama, ba shi da inda zai ajiye, ba shi da abin ɗaurewa. Wasu Fulani da masu amalanke suna kwasar abin da ya samu, amma wanda ke ƙonewa ba kaɗan ba ne. An daɗe da sanin yadda ake inganta shi: a narka takin yuriya kilo 4 zuwa 5 a ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na karan, a danne shi a rami ko rumbu, a rufe da leda kada iska ta shiga, a bar shi kamar mako uku. Idan aka buɗe aka bar shi ya sha iska, ya yi laushi, dabba ta fi son shi, ya kuma fi gina jiki. Sai dai aiki ne da ke buƙatar a koya wa mutum ido da ido, domin yuriya idan ta wuce ƙima guba ce, kuma ba a ba doki ko jaki ko kaji ko ƙananan da ba su fara tuƙa ba. Masanan cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya sun san wannan tun ba yau ba. Ilmin yana nan, tsakaninsa da ƙauyukanmu tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, amma bai iso gidaje ba. Haka karan dawa da na masara: idan aka zuba su a tsaye, dabba ta ci ganye ta bar sauran. Idan aka daddatsa su da inji aka haɗa da 'yar dusa da kanwa, kusan duka take cinyewa. Inda duk matasa suka samu irin wannan inji, sana'a ce ta tsaya da ƙafarta.

Na san za a ce kasuwanni a hannun ƙananan hukumomi suke, malaman gona kuma na jihohi ne. Haka ne. Amma ma'aikatarka ce ke tsara manufa, kuma ga shirin tallafa wa kiwo na L-PRES da Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 500 a 2022, ga shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano da Bankin Musulunci ke tallafa wa. Roƙona shi ne a karkata wani kaso na wannan ƙoƙari zuwa ga kwanon dabbar gida. An sha raba wa mata awaki a shirye-shirye daban-daban, niyya ce mai kyau, amma akuyar da aka bayar a watan Afrilu ba tare da abinci ba, kafin damina ta rame ko an sayar da ita. Da a ba mace akuya ta shida, gara a sauƙaƙa mata ciyar da biyar ɗin da take da su.

Abu mafi sauƙi shi ne sikeli. A zauna da sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan dusa a daidaita cewa buhu kilo kaza ne, a ajiye sikeli a bakin layi wanda kowa zai iya ɗora kayansa. Ba na neman a ƙayyade farashi, wannan ba zai yi aiki ba, kuma ba na neman a turo jami'ai su zo ƙwace kaya ko yanka sabon haraji, domin duk harajin da aka ɗora wa mai dusa, mai akuya ce za ta biya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar sun san masu algus a cikinsu fiye da kowa. Idan aka ba su ƙarfi da hanyar gwaji, za su iya tsabtace layinsu.

Ajiya kuwa, maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. A jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa akwai bankunan abincin dabbobi, inda ake tara dusa da angurya a sayar wa masu kiwo da rangwame idan rani ya tsananta. Ba cewa nake yi nasu ba shi da tangarɗa ba, amma tunanin daidai ne. A nan, ƙungiyoyin mata masu adashi za su iya riƙe irin wannan rumbu idan aka ba su ɗaki mai rufi da jarin sayen kaka. Masu sari da ke tara harawa su fitar da bazara ba abokan gaba ba ne, ba don su ba da babu abin da za a samu a watan Mayu. Matsalar ita ce su kaɗai ke da kuɗin saye a lokacin araha. Daga Nijar ɗin kuma akwai darasin gawo. Manoman can sun koma barin 'ya'yan itatuwa su tsiro a gona suna yi musu sassabe, har miliyoyin kadada suka farfaɗo. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya hana shuka, ya kuma zubo da 'ya'ya da rani daidai lokacin da dabba ke nema. Mu a nan, gawon da kakanni suka bari yana ƙarewa a hannun masu itace da gawayi.

Iri ma yana da hannu a ciki. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, waɗanda ke da ofisoshi a Kano, sun fitar da irin wake da gyaɗa masu ba da ƙwaya da harawa tare. Manominmu ba ya auna wake da buhu kaɗai, yana duba damin harawar da zai ɗora a kan rufin ɗaki. Duk irin da za a raba a yankin da ake kiwon turke, ya kamata a yi masa wannan lissafin.

Sai maganar da aka fi mantawa, wato su wa ake koya wa. Yawancin awaki da tumaki da kajin gida na mata ne, su ke ba su abinci, su ke fara gane wadda ba ta da lafiya. Da yawansu suna cikin kulle, ba za su zo taron da aka kira a sakatariya ba, malamin gona namiji kuma ba zai wuce zaure ba. Idan mijin ya je taron, abin da zai kawo gida rabi ne. Muna da 'yan mata da suka gama kwalejojin aikin gona da na lafiyar dabbobi suna zaune ba aiki. A ɗauke su, su riƙa shiga gida-gida, su nuna yadda ake gane dusa mai haɗi da ruwa a kwano, da yadda ake shanya harawa a inuwa don kada ganye ya zube, da haɗarin barin dabba tana cin leda a bola, wadda mahauta ke ciro ta dunƙule-dunƙule daga tumbi. Su ne kuma za su iya haɗa gidajen unguwa a rana ɗaya don rigakafin annobar awaki da tumaki ta PPR, tunda kwalbar allurar da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ta dabbobi da yawa ce, gida ɗaya ba zai iya ƙarar da ita ba. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da wannan cuta, kuma ba za a kai ga haka ba sai an shiga bayan ɗakunan nan.

Idan duk wannan ya yi yawa a fara lokaci ɗaya, ga abin da za a iya yi a rani mai zuwa ba tare da jiran sabon kasafi ba. Ka turo ma'aikatanka a watan Maris ko Afrilu, ba tare da jiniya ba, su shiga Wudil da Dambatta da Maigatari da Potiskum su sayi dusa da tunkuza da harawa daga rumfuna daban-daban kamar yadda kowa ke saye. A auna nauyin, a kai Shika a gwada yawan ɓuntu da yashi da gubar fumfuna da ke ciki. Abin da aka samu a faɗe shi da Hausa da Fulatanci a gidajen rediyo, a kuma kira shugabannin 'yan dusa a nuna musu sakamakon kafin a yanke matakin da za a ɗauka tare da su.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani mai kiwon gida daga ƙasar Kura, Jihar Kano